Wutar Ɗakin Veturia

Horia mai aikin wuta ya jera hotunan cajar mota iri uku a kan goshin sabuwar motar, ya ja da baya yana jiran yabo. Daga garin Făgăraș ya zo, kuma a faɗarsa babu wanda ya kai shi sanin waya a duk gundumar. Idan ka manta ma zai tuna maka.

Maigidan, Octavian, wanda muke kira Baba Tavi, ko kallon hotunan bai yi ba. Dama ba shi ya nemi motar ba. Tsohuwar tasa ce ta faɗi gwajin hayaƙi, sai 'yarsa Ruxandra ta aiko masa da mai lantarki daga birnin Torino inda take zaune, haɗe da umarnin a kafa mata wurin caji a bangon gareji kafin sanyi ya shigo.

"Wannan ta farkon zakanya ce, Baba," in ji Horia. "Kafin ka gama shan miya ta cika mota. Ta biyun kuma da wayar hannu ake sarrafa ta."

"Wace ce ba za ta ɗauke wa gida wuta ba?"

Horia ya je ya buɗe akwatin mita, ya yi tsaki. Wayar da ta shigo daga falwaya ta girme shi, siririya kamar igiyar takalmi. Ya ce kowace aka ɗora mata, wata rana sai fis ya faɗi, wutar gidan ta ɗauke. Ai ba komai ba ne, a tayar da shi.

"Idan kuma ba na gida fa?" Tsohon ya nuna wata taga mai labule a rufe. "Akwai inji a ɗakin Veturia, matata. Ba ya tsayawa, dare da rana."

Sai a lokacin Horia ya kula da ƙugin da ke fitowa ta bangon, ƙasa-ƙasa, ba fashi. Ya kula da tukwanen furen da suka bushe a baranda, da guntun burodi da cukun da tsohon ya ci a tsaye ya bar saura a kan taga. Ya sassauta murya.

"Awa nawa za a iya yi babu wuta?"

"Ban taɓa gwadawa ba. Ba kuma zan gwada ba."

Mu maƙwabta muna jingine da shinge muna kallo, kamar yadda muka saba. Horia bai tambaye mu komai ba, mu ma ba mu ce masa komai ba.

Ana cikin haka Ruxandra ta kira. Baba Tavi kunnensa ya yi nauyi, don haka ya ƙure sautin wayar, duk layin ya ji ta.

"A sa mai saurin, Baba. Ban aiko mota don ta wuni a jikin bango ba."

"Wayar gidan ba za ta ɗauki biyun ba, 'yar nan."

"To a kashe ɗayan mana! Shekara uku injin nan yana kunne. Shekara uku, Baba! Ka zare shi kowa ya huta, kai ma ka huta."

Horia ya kalli tagar mai labule. Shi ma yana da uwa. Ya yi alamar gicciye a ɓoye, ya rantse a ransa cewa ko Torino gaba ɗayanta za ta kira, ba da hannunsa za a zare injin ba.

Duk da haka sai da halin nasa ya motsa. Ya ce bari ya auna ƙarfin layin, minti ɗaya kacal. Ya jona na'urarsa, ya murɗa. Wani abu ya ce ƙas a cikin akwatin, ƙugin bangon ya yanke.

Ban taɓa sanin Baba Tavi yana iya gudu ba. Sandarsa ta faɗi a tsakar gida, ya haye matakala uku yana kiran sunan Veturia. Horia kuwa sai da ya kuskure fis ɗin har sau biyu kafin ya tayar da shi. Da ƙugin ya dawo, zakaran masu wayar gundumar ya zauna a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga.

Caja ta ukun aka kafa, wadda bai ko yi tallarta ba. Ba ta da sauri ko kaɗan, sai mota ta kwana ta wuni. Amma tana da ɗan ma'auni a jikin mita: da gida ya ja wuta, sai ta sassauta, ta bar masa. Horia ya ware wa ɗakin layinsa daban, ya rubuta a kan akwatin da jan alƙalami cewa kada kowa ya taɓa. Ya gwada sau huɗu. Ƙugin bai ko girgiza ba.

Da ya tattara kayansa sai ya tuɓe hula, ya murza ta a hannu.

"Baba, ko zan iya shiga in gaishe ta? In ba ta haƙurin abin ɗazu."

Tsohon ya dogara sandarsa, ya hau matakala. Sannan ya wuce gaba, ya tura ƙofar a hankali.

Gadon a gyare yake, ba kowa a kai. A bango hoton Veturia ne tana dariya, da baƙin ƙyallen makoki a kusurwarsa. A ƙarƙashinsa wata tsohuwar firiza ke ƙugi, kuma da Baba Tavi ya ɗaga murfinta, roba biyar ce ta rage ta naɗin kabeji da nama, girkin Veturia na ƙarshe kafin ta rasu shekara uku da suka wuce, kowace da rubutun hannunta a kai: "Tavi, a wuta kaɗan-kaɗan, kada ka ƙona."