Sawu Mai Yatsu Huɗu

"Daga ina kake da almurun nan, tsohon banza?" in ji matarsa daga saman bene.

"Daga coci mana, tsohuwa."

Tun da likita ya hana shi giyar inabi, matar ta rantse, in ya ƙara taka mashaya, a rumfar akuya zai ƙarasa hunturu. Ga shi an shimfiɗa wa dandalin garin daɓen zamani, duk inda ka taka sai sawunka ya kama haske, ya jima bai mutu ba. Mai gaskiya ko a jikinsa. Shi kuwa ya ga takalmansa masu ƙusoshi za su tona shi, sai ya tuɓe su ya rataya a wuya.

"Juya ka gaida cocin naka," in ji ta.

Ya juya. Sawun kowa na takalmi ne, sai layi ɗaya na ƙafa tsirara, kore shar, daga ƙofar mashaya yana tangaɗi har gindin benensu. Ƙafar hagun yatsunta huɗu, tun ranar da gatari ya kuɓuce masa.

Akuyar dai ba ta yi masa tambaya ba, ta matsa masa a rumfar.