Abin da ke Cikin Sharifa

Kamilu yana tsakiyar fiɗar saniya ta biyu aka kira shi daga lise, makarantar sakandare, aka ce 'yarsa Sharifa ta faɗi a aji tana riƙe da mara. Ko hannu bai wanke da kyau ba ya tare moto, babur ɗin haya.

Wannan ne karo na uku a wata guda. Ciwon kuwa ba baƙo ba ne. Tun tana ƙarama takan durƙusa ta dafe gefen cikinta, marigayiya Mairamu, uwarta, ta ba ta maganin tsutsa ya lafa. Da ta fara wanki da ƙawayenta a bakin kogin Binuwai aka ce tsargiya ce, aka sha magani. Da ta girma aka ce ciwon al'ada ne. Bara wani nas a unguwar Yalwa ya ce sanyi ne, wani ya ce a duba ko apandisit. Kowa ya ba ciwon suna, ba wanda ya kore shi.

Bana ne marar ta fara tasowa. Siket ɗin makaranta ya daina rufuwa. Kamilu ya lura, ya kawar da kai. Matan unguwa ba su kawar ba. Ranar da ya zo wucewa ta wajen famfo suka yi shiru gaba ɗaya, ya san abin da suke faɗi.

Shekararta goma sha shida, kuma ita kaɗai gare shi. Mairamu ta sha wahalar cikinta, ya yi girma har ba ta iya sunkuyawa, sai ga jaririya 'yar firit da ba ta cika tafin hannu biyu ba. Shi ya raine ta bayan rasuwar uwar, shi ya ƙi jin maganar 'yan'uwansa mahauta ya sa ta boko.

Sau ɗaya ya tambaye ta, a tsakar gida, ba tare da ya dube ta ba.

"Wane ne?"

"Wallahi Baba, ba kowa."

Tun daga ranar bai ƙara ce mata uffan ba, mako uku ke nan. Ya riƙa bin ta daga nesa in ta fita. Ya zargi mai moton da ke kai ta makaranta. Ya zargi Mesiye Guy, malamin lissafi, wanda ya taɓa yabon ƙoƙarinta a gabansa. Har ya kira yayarsa a Meiganga ya ce ta gyara ɗaki, Sharifa za ta zo ta daɗe.

A lopital, babban asibiti, ya tarar da ita kwance a kan benci, zufa ta jiƙa hijabinta. Ta ɗaga ido ta gan shi, ta mayar ƙasa.

Dokta Madeleine, doguwar mace mai tabarau, ta danna cikin, ta yi tambayoyi da Faransanci, ta juya Fulatanci, da ta ji sunansu ta koma Hausa. Ta sa aka gwada fitsari. Da takardar ta zo ta karanta, ta ce a sake. Kamilu ya kasa zama. Ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya leƙa taga, ya goge busasshen jinin da ke farcensa da gefen riga.

Aka shiga da ita ɗakin ekografi, inda ake duba ciki da na'ura. Rabin awa. Likitar ta fito, ta kira wani abokin aikinta, suka koma tare. Daga nan aka tura Sharifa ɗakin hoton ƙashi. Zafin garin Garwa ya cika barandar asibitin, fankar sama tana juyi ba iska.

La'asar ta kusa da aka kira shi ofis. Likitar ta ɗaga baƙin hoton a jikin fitila, ba ta kai ga buɗe baki ba ya gane abin da yake gani.

Shekara ashirin da biyar yana buɗe cikin dabbobi. Ya sha cin karo da ɗan maraƙi a naɗe a cikin uwarsa. Ba sai an nuna masa ba. Ga jerin ƙashin baya nan, ƙanana, a lanƙwashe. Ga wani abu kamar haƙarƙari. Ga wani kamar ƙafa.

Ya dafa tebur. Ta bayan labule yana jin numfashin Sharifa, tana ƙoƙarin danne kuka.

"Dole a yi mata aiki gobe da safe," in ji likitar. "Yana danne mata hanji da mafitsara, shi ke kawo ciwon. Ba shi da rai, ba shi da zuciya ma. Za ta warke, in Allah ya so."

"Dokta," ya ce, "abu ɗaya nake so ki faɗa mini. Wata nawa ne? In na san watan, zan san ubansa."

Ta cire tabarau ta ajiye, ta dube shi.

"Zauna, Malam Kamilu. Gwaji biyu muka yi, 'yarka ba ta da ciki. Mahaifarta wayam take, wannan a bayan hanji yake. Ni kaina a littafi kawai na taɓa ganinsa."

Bai zauna ba.

"Ba wata ake ƙirga masa ba, shekara ce, goma sha shida. Tagwaye matarka ta ɗauka. Ɗayan bai cika halitta ba, ya maƙale a jikin 'yar'uwarsa tun suna cikin uwarsu, da shi aka haife ta. In ubansa kake nema, Malam, kai ne."