Kwas ɗin Safiyar Laraba

"Kwas ɗin nan ba zai fita daga manhaja ba," in ji Farfesa, ya dafe takardar da tafin hannu.

Shugabar sashen kimiyyar sinadarai ta sauke tabarau. Kwamiti ya gama gyara komai, saura wannan tsohon darasi na kiyaye haɗari a ɗakin gwaji.

"Ranka ya daɗe, shekara da shekaru babu ɗalibin da ya yi rajistarsa. Wai wa kake koya wa duk safiyar Laraba? Kwalabe?"

Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, aka cire kwas ɗin.

Larabar ƙarshe Farfesa ya tarar da 'yarsa a bencin baya, farar rigarta da ƙuna har wuya, ta ɗaga hannu.

"Baba, ruwa ake fara zubawa, ko asid?"

Tambayar da ta yi masa ke nan ranar da ya ce ta jira, yana sauri zuwa taron manhaja. Tun da aka binne ta, wannan darasin kaɗai take zuwa.

"Ruwa, 'yata. Ruwa."

Ta yi murmushi. "To, sai Laraba mai zuwa."

Ya kasa gaya mata an soke darasin.