Uwar Maƙerar da Aka Ɗora a Sikeli

An yi wani mutum a wani ƙauye da yake cewa duk ƙasar nan babu wanda ya san ƙarfe kamarsa. In ya sha shayi ya ƙoshi har ƙari yake yi, ya ce ko an naɗe masa ido da rawani, a miƙo ƙarfe ya shinshina, zai faɗi motar da aka ciro shi da shekarar da ta mutu. Ɗan maƙeri ne, wannan kam gaskiya ne, amma tun yana saurayi ya tsere wa zugazugi ya bi manyan motoci, shekara ashirin da shida yana tuƙi tsakanin Kudu da Arewa. Sai da bayansa ya fara ciwo, uban kuma ya rasu, sannan ya dawo gida ya share rumfar maƙera, wai don sha'awa, kada hannu ya zauna banza. A shekarar farko abin da ya ƙera bai wuce wuƙar yankan kuɓewa biyu da wani cokali da ba ya shiga baki ba. Amma wajen surutu, ko sarkin maƙera albarka.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne uwar maƙerar da ya gada, wato dunƙulen da ake ɗora jan ƙarfe a kai a daka. 'Yar ƙarama ce, baƙa, ba ta fi kabewa ba, tsakiyarta ta lotsa saboda dukan kakansa da na ubansa. Kunyarta yake ji in abokansa direbobi sun biyo gaisuwa. Rannan ya shiga gari wurin 'yan gwangwan, sai ya hango gindin wani tsohon injin niƙa, ƙato, fuskarsa sumul kamar faranti. Mai wurin ya ce in yana da tsofaffin ƙarafa a gida ya kawo a yi musaya, nauyi da nauyi. Ya koma ya tattara ruɓaɓɓiyar giyar mota da garen taya biyu, sikeli bai cika ba. Sai ya sa uwar maƙerar a buhu ya ɗaure a bayan babur, bai gaya wa kowa ba. Ka san sikeli ba ya tambayar wa ya gaji wa. Aka auna, aka jefa ta kan tirelar da ke lodi zuwa kamfanin narka ƙarfe, shi kuma ya sa aka turo masa ƙatonsa a kura. Duk maƙerin da aka haifa a gindin wuta, kafin ya ɗauki ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya saurara, don na duka yana kuka siriri, na zubi kuwa gum yake yi. Mutumin naka bai ƙwanƙwasa ba. Girma ya gani, ya shafa, ya ji santsi.

Da ruwan shuka ya kusa, ya aika gida-gida cewa duk mai garma ko fartanya da ta mutu ya kawo ranar kasuwa, kyauta zai gyara, a zo a ga aikin zamani. Manoma suka cika rumfa har waje. Aka kamo hannun baffansa, tsohon maƙeri da hayaƙi ya cinye wa ido, aka zaunar da shi a tabarma. Mutumin ya hura wuta, garma ta yi ja, ya kamo ta da awartaki ya ɗora, ya sauke masaba, gudumar maƙera. Tsohon ya karkata kai ya ce, "Ɗana, wannan me kake duka, tukunya?" Aka yi dariya. Mutumin ma ya yi ta yaƙe, ya ce kunnen baffa ne bai saba da kayan kamfani ba. Don ya kashe bakin masu dariya sai ya ajiye masaba ya ɗauko babbar guduma, ya ɗaga ta har bayan ƙeya. Duka na uku ƙaton ƙarfen ya dare gida biyu kamar ƙuli-ƙuli, cikinsa toka-toka, gari-gari.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce ai ƙarfen zubi haka yake, yana ɗaukar nauyi amma ba ya ɗaukar duka, kuma kowa yana kuskure. Sannan ya ce, "Ba komai. Shiga ɗaki ka ɗauko ta yayana a ci gaba, mutane na jira, ga hadari." Mutumin bai motsa ba. Baffan ya sake faɗa, a zatonsa bai ji ba. Can mutumin ya ce, murya a ƙasa, "Baffa, na kai ta sikeli." Tsohon ya daɗe yana lalubar gefen tabarma, sannan ya tambayi ko tana can, a je a roƙo. Mutumin ya ce mota ta tafi da ita tun makon jiya. Sai tsohon ya miƙa hannu ya ce wani ya taimaka ya kai shi gida. Manoma suka riƙa sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana zaro garmarsa daga tuli, suna shawarar wace hanya ta fi kusa zuwa maƙerar ƙauyen gaba kafin ruwa ya sauko. Suka bar shi tsaye da awartaki a hannu, ƙarfen da ya kama yana baƙi.

Shi ne Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.