Ajiyar Baba Anjima

Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota, bai taɓa kama hanya babu safaya ba. Amma kwamfutar da ke kan tebur a falonsa, wadda muryar marigayiya matarsa ke ciki, ko rabin wannan kulawar ba ta samu ba.

Tana kwance da ciwon ajali matar ta riƙa ɗaukar magana a waya domin autarsu, wadda a lokacin shekararta huɗu. Saƙon murya guda goma sha ɗaya ta bari. A wani tana mata faɗan tsotsar yatsa, a wani tana ba ta labarin ranar da aka haife ta, a wani kuwa dariya take yi har tari ya katse ta. Wayar ta daɗe da mutuwa, amma babbar 'yarsa ta riga ta kwashe muryoyin zuwa kwamfutar. Duk ranar da babu makaranta, Auta takan ja kujera ta saurari ɗaya.

Kullum ya kunna sai saƙo ya fito a allo: akwai sabuntawa, a yi yanzu ko anjima? Shi anjima yake dannawa, har 'ya'yan suka laƙaba masa Baba Anjima. Babbar ta roƙe shi ya zaɓar wa na'urar lokacin da ba ya amfani da ita, ta yi abinta a natse. Ta kuma sayo masa filashi, ta ce ya kwafe muryoyin a ciki ya adana daban. Ya ce yau kuma ƙwai ne zai koya wa kaza wayo? Filashin ya shiga durowa da ledarsa. Don dai ya huta da mita, ya buɗe sabuwar folda a kan allon, ya sa mata suna Ajiya, ya kwafe muryoyin ciki. A ganinsa ya gama.

Wata rana da hantsi na'urar ta gaji da jira, ta fara sabunta kanta, da rubutu ƙarara cewa kada a kashe. Yana da fita, rigarsa a yamutse, soket kuma ɗaya ne a falon. Ya jira minti biyar, ya yi tsaki, ya zare filoginta ya jona dutsen guga. Daga nan ba ta sake tashi ba.

Mai gyara ya duba, ya ce hanya biyu ce: ko a ɗauki kwanaki a fara ciro abin da ke ciki, ko a goge komai a zuba sabuwar manhaja yau ɗin nan.

"Baba, kana da ajiyar kayanka?"

"Ina da ita."

"Ka tabbata?"

"Tun ba a haife ka ba nake tafiya da safaya."

Aka goge. Da ya komo da yamma, kwamfutar ta tashi tas kamar sabuwa. Mai gyara ya miƙa hannu ya ce a kawo ajiyar ya mayar masa. Baba Anjima ya ɗora yatsa a kusurwar allon, inda babu komai, ya ce a nan foldar take, mai launin rawaya.

Mai gyara ya daina taunar cingam ɗinsa. Can ya ce a hankali, "Baba, ai cikin tayar da ta fashe ka ajiye safayar."

Kwana biyu mai gyaran ya yi yana tonon abin da ya rage. Daƙiƙa huɗu ya samo: ƙarshen dariyar nan, sai tarin.

Baba Anjima bai yi faɗa ba, hawaye ma ba su zo ba. Ya rungumo kwamfutar zuwa gida, ya ajiye ta inda take, ya zauna yana kallon bango. Babbar 'yar ba ta ce na gaya maka ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Auta ta ja kujerarta, ta saurari daƙiƙa huɗun sau uku, sannan ta juyo.

"Baba, a wanda take mini faɗan yatsa, me ta ce daga ƙarshe?"

Ya buɗe baki. Sau nawa ya ji shi yana wucewa ta falon, amma bai taɓa tsayawa ya riƙe ba, tunda yana nan a ajiye. Ya ce zai tuna anjima. Da ya ji kalmar ta fito daga bakinsa, sai ya miƙe.

Ya jawo durowa, ya yage ledar filashin, ya kwafe tarin a ciki.

Mai karatu, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ba wa na'urarka lokacin sabuntawa tun ba ta zaɓa da kanta ba, in ta fara kuma ka ƙyale ta ta gama. Kwafin da ke kwana gida ɗaya da asalinsa ba ajiya ba ne. Fitar da shi waje yau, ka buɗe ka ji yana aiki, domin abin da anjima ta ci ba ta amayarwa.