Tokar da Ta Ƙi Sabulu

Ni na fara gani, kafin uwarta da ke aikin nas, kafin duk likitocin asibitinsu. Launin toka ne ya kama faratan jikata, ya hau dasashinta, yana neman wuya.

Ni da agana ta kasa kayarwa, kwalara ta kwashe rabin layinmu a Tarauni ta bar ni tsaye, wa zai koya min magani? Ruwan azurfa na saya wurin mai lasifika a Gyadi-Gyadi, na daɗe ina sha. Da ciwon sikila ya hana yarinyar sakat, sai na riƙa ba ta cokali in uwar ta tafi aiki. Damina ta wuce, wata ta zagayo.

Yau uwar, 'yar tawa, ta juya hannun yarinyar, sannan ta dubi fuskata.

"Baba, ka ɗauka tsufa ne ya rine ka? Azurfar ce. In ta zauna a fata, ta zauna ke nan."

Na ce, "Ke yaushe aka haife ki?"

Tana fita neman adaidaita don kai ta asibiti, na zaunar da yarinyar bakin famfo. Na sa sabulun salo, na sa lemon tsami, na dirza har soso ya tsinke. Ba ta yi kuka ba. Hannunta ta jera da nawa.

"Kaka, ka ga, mun zama iri ɗaya."

Zai fita. Wanda ya ce ba zai fita ba, ya zo Tarauni ya faɗa min a gabanta. In yana da wani sabulun, don Allah ya taho da shi.