Kayan Mutanen Ruwa

Gwaggo Uwale ta dire gwangwanin madara a gaban Tabawa. "Wai su mutanen ruwan nan ba sa ƙoshi ne?"

"In kin gaji ki faɗa," in ji Tabawa. "Yau ɗin nan sai in ce su dawo miki da shi."

Gwaggo ta yi maza ta tura mata gwangwanin.

A kan Abdulfatah ake wannan ciniki, jaririn Isa, ƙanen Gwaggo. Bakwaini aka haife shi, ya daɗe a kwalba a asibiti. Ya haura shekara wuya bai tsaya ba, ƙafafu a sandare, ga jijjiga. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, a riƙa kai shi gashin ƙashi. Gwaggo ta ce likita bai san zuri'arsu ba, su ba sa haifar irin wannan. Ɗan ruwa ne, a mayar da shi wurin danginsa. Isa yana hanyar Fatakwal da tankar mai, ya amince ta waya. Suwaiba, uwar yaron, ta yi kuka har murya ta dushe, ba wanda ya tambaye ta.

Duk unguwar Nasarawa Gwom ta Jos an san Tabawa ce mai wannan aiki. Miji ya rasu, ba ta da ɗa. An ce ta san hanyar rafin sarai, don can aka kai nata ɗan tun tana ƙuruciya.

Ba ta yarda a raka ta. Wanda ya ga yaro na rikiɗewa maciji, idonsa ya tafi. Ta karɓi katin asibiti, da magunguna, har da 'yar kujerar da kafinta ya yi masa, wai in an bar abu nasa a gida zai biyo shi. Ta tafi da goyo, ta dawo da zane.

Tun daga nan mutanen ruwa suka buɗe baki. Madara. Famfas. Maganin jijjiga. Kuma Suwaiba ta riƙa zuwa gidan Tabawa a unguwar Congo-Russia duk Talata da Alhamis, wankan tsari, kar na gaba ya zo haka. Da sanyi ya shigo suka ce suwaita.

"Suwaita a cikin ruwa?" in ji Gwaggo.

"Ke ba ki san ruwan Jos ba?"

Gwaggo ta je kasuwar Kwararafa ta zaɓo ja a gwanjo. Tabawa ta ɗaga, ta jefo mata. "Ta yi kaɗan."

"Haka maciji ke girma?"

"Je ki tambaye shi."

Ta koma ta canzo. Amma ba ta yi nadama ba. Gida ya tsarkaka, Suwaiba ta daina kuka, har kumatu ta yi. Duk gidan biki sai Gwaggo ta ba da labari: da ba ta tsaya tsayin daka ba, da yanzu asibiti ya cinye Isa.

Ranar Talata ta yi wa Suwaiba faɗan makara, ta tare mata keke napep da kanta.

A ɗakin gashi na asibiti, malamar gashin ta ce ita fa ba ta taɓa ganin dangin uba irin na yaron nan ba, magani ba ya yanke masa. Suwaiba ta gyara wa Abdulfatah wuyan jar suwaitarsa, shi kuwa ya ɗago kai da kansa yana dariya.

"Gwaggonsa ce," in ji Tabawa. "Ba ta taɓa fashi ba."